Yadda Za A Kwatanta Gudun Harsashin Bindiga Da Na Na'urorin Harbi Na Ɗakin Gwaji A Ajin Kimiyya

Wannan bayani na malaman fizik ne a makarantun lise na Marwa, Garwa, Ngaundere da Kusiri, da 'yan'uwansu na ƙetaren kogi a Njamena, da kuma ɗaliban ajin ƙarshe masu shirin bakaloriya. Da zarar an kai babin makamashin motsi, ba a rasa ɗalibin da zai ɗaga hannu ya tambaya ko akwai abin da ya fi harsashi gudu, kuma idan har masana suna harba abu a ɗakin gwaji da gudun da ya ninka na harsashi sau goma, me ya hana a mayar da na'urarsu makamin yaƙi. Tambaya ce da bai kamata a sallame ta da kalma ɗaya ba, domin kusan duk abin da ake so ɗalibi ya iya a wannan babi yana ƙunshe a cikinta. A ganina lambar gudu ita kaɗai tana ɓatar da mai kwatance, kuma ba za a gane cewa na'urar ɗakin gwaji ma'auni ce da aka gina domin harbi ɗaya da za a auna shi ciki da bai ba, sai an bi lissafin daki-daki. Kayan aikin ba su wuce allo da alli, da kalkuleta mai alamar √, da kwanon yashi ba.

A fara da daidaita ma'auni

Lambobin da ɗalibai suke samowa a intanet suna zuwa ne a cakuɗe: wasu da ƙafa cikin sakan, wasu da kilomita cikin awa, wasu kuma da lambar Mach. Kafin a ce komai, a mayar da su duka mita cikin sakan ɗaya. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, kilomita cikin awa kuma ana raba ta da 3.6. Lambar Mach tana buƙatar taka-tsantsan, domin ninkin gudun sauti ce, shi kuwa gudun sauti yana bin zafin iska: mita 343 ne a digiri 20, amma a zafin digiri 40 irin na Marwa a watan Afrilu yakan kai kusan mita 355. A cikin ɗakin da aka zuƙe iskarsa, inda ake yin yawancin waɗannan gwaje-gwaje, ambaton Mach ba shi da wata fa'ida.

Bayan haka sai a ja dogon layi a allo, a ɗauki santimita ɗaya a matsayin gudun mita 100 cikin sakan, a sa ɗalibai su riƙa fitowa suna sanya alama. Harsashin ƙaramar bindiga mai faɗin milimita 9 yana fita da kusan mita 360, na Kalashnikov kusan 715, na bindigogi masu harsashin milimita 5.56 kusan 940. Harsashin farauta na .220 Swift, wanda kamfanin Winchester ya fitar a 1935, ya haura mita 1,200, igwar tankar yaƙi ta zamani kuma tana kai wajen 1,700. Duk abin da albarushi yake turawa ya ƙare ke nan a cikin santimita 20 na farkon layin. Daga nan a sanya alamar bindigar lantarki da rundunar ruwan Amurka ta gwada a Dahlgren a 2008, wadda ta kai mita 2,520, sannan a yi tsalle zuwa santimita 70 ko 80, inda na'urar iska mai sauƙi take, wato na'urar harbi ta ɗakin gwaji da ke tura abu da iska marar nauyi irin haidurojin, maƙwabciyar tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda take kewaya duniya da gudun kusan mita 7,660. Gudun kuɓuta daga jan duniya, mita 11,200, zai faɗa a santimita 112. Na'urar Z ta cibiyar Sandia da ke Albuquerque, wadda a 2005 ta wurga siririn farantin alminiyam da gudun kilomita 34 cikin sakan, alamarta za ta faɗa a mita 3.4, wato a yawancin azuzuwa sai an ci gaba da layin a jikin bango. Wanda yake so lambobin su zauna a ƙwaƙwalwar yara sai ya ba su tazarar hanyar Marwa zuwa Garwa, kusan kilomita 210, su lissafa: harsashin Kalashnikov, da a ce gudunsa ba ya raguwa, zai cinye ta cikin kusan minti 5, abin da ke gudun kilomita 7 cikin sakan kuwa cikin sakan 30.

Makamashi da ƙarfin tunkuɗa

A nan ne ya dace malami ya daɗe, domin nan ne ɗalibai suke yawan ruɗewa. Akwai adadi biyu da suke dogara ga gudu, amma ba su girma tare. Ƙarfin tunkuɗa nauyi ne a ninka da gudu, p = mv, makamashin motsi kuwa rabin nauyi ne a ninka da gudu har sau biyu, E = ½mv². Dole nauyi ya kasance da kilogiram, kuma mafi yawan kurakuran da za ka gani a littattafan ɗalibai daga mantawa da mayar da giram kilogiram suke fitowa.

A ɗauki harsashin Kalashnikov, nauyinsa kusan giram 7.9, gudunsa mita 715. Makamashinsa zai fito kusan jul 2,000 (jul shi ne ma'aunin makamashi), ƙarfin tunkuɗarsa kuma 5.6 a ma'aunin kg·m/s. A gefe guda a ɗauki ƙwallon alminiyam mai faɗin santimita 1, irin wanda ake gwada garkuwar kumbo da shi. A bar ɗalibai su nemo nauyinsa da kansu: girman ƙwallon santimita kubik 0.52 ne, kowane santimita kubik na alminiyam yana da giram 2.7, jimla giram 1.4. A gudun mita 7,000 makamashinsa kusan jul 34,500 ne, wato ya ninka na harsashin sau 17, amma ƙarfin tunkuɗarsa 9.9 ne kawai, bai ko ninka na harsashin sau biyu ba. Jul 34,500 ɗin nan daidai yake da makamashin babur da mahayinsa, masu nauyin kilogiram 200 a haɗe, suna gudun kusan kilomita 67 cikin awa, sai dai an tattara shi duka a kan wurin da bai kai faɗin farce ba, kuma za a sauke shi cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu ɗari na sakan. Abin da za a fitar daga wannan lissafi shi ne ƙwallon ba zai ingiza abin da ya doka ya yi nisa ba, zai tarwatsa wurin da ya taɓa ne, shi ma ya tarwatse.

Akwai wani lissafi gajere da nake ganin bai kamata a tsallake shi ba. Giram ɗaya na nakiyar TNT yana sakin jul 4,184. A tambayi ajin wane gudu ne giram ɗaya na kowane abu, ko da tsakuwa ce, zai yi kafin makamashin motsinsa ya kai haka. Amsar ita ce √(2 × 4,184,000), kusan mita 2,900 cikin sakan. Wannan ya zo dab da kilomita 3 cikin sakan, inda masana suka saba sanya iyakar abin da suke kira matsanancin gudu. Babu harsashin albarushi da ya kai nan, ƙwallon kilomita 7 kuwa yana ɗauke da makamashin da ya ninka na nakiya mai nauyinsa kusan sau shida.

Ga ɗalibai masu kaifi, a ba su gwajin Dahlgren ta baya: an sanar da makamashin jul miliyan 10.64 a gudun mita 2,520, su nemo nauyin abin da aka harba. Zai fito kilogiram 3.35. Gudunsa bai kai rabin na ƙwallon alminiyam ba, amma makamashinsa ya ninka nasa fiye da sau 300, kuma wannan misali kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa ba a karɓar lambar gudu sai an tambayi nauyi.

Inda albarushi yake gazawa

Ɗalibi zai ce a ƙara albarushi mana, a ƙara tsawon bututu. Amsar tana cikin iskar da take tura harsashin. Idan albarushi ya ƙone yakan zama iska mai zafi, haɗin kabon monoksaid, kabon dayoksaid, naitirojin, tururin ruwa da ɗan haidurojin, ita ce take danna bayan harsashi. To wannan iska ita ma tana da nauyi, dole ta tura kanta kafin ta tura wani, kuma labarin matsi yana tafiya a cikinta ne da gudun sautinta. Yayin da harsashi ya fara gudun da ya kusanci gudun sautin iskar, balle ya wuce shi, sai iskar ta riƙa kasa cim masa, matsin da ke bayansa ya faɗi ƙwarai ko da can gindin bututun yana nan da ƙarfinsa. Ƙarin albarushi ƙarin iska mai nauyi ne da za a ɗauka, saboda haka ribar tana raguwa, kuma a aikace bindigogin albarushi suna tsayawa a wajen kilomita 2 cikin sakan.

Gudun sauti a cikin iska yana ƙaruwa da zafi, yana kuma raguwa da nauyin ƙwayoyinta, bisa tushen murabba'i. Nauyin ƙwayar iskar da muke shaƙa kusan 29 ne, na hiliyam 4, na haidurojin 2. A sa ɗalibai su danna √(29 ÷ 2), su sami 3.8, su ninka da 343. Za su sami kusan mita 1,300, kuma wannan shi ne gudun sauti a haidurojin a zafin ɗaki. Idan kuma aka matse haidurojin ɗin farat ɗaya har zafinsa ya hau dubban digiri, gudun sautinsa zai ƙara ninkuwa. Wannan tunani ne ya haifi na'urar iska mai sauƙi, wadda W. D. Crozier da William Hume suka fara ginawa a makarantar ma'adinai ta jihar New Mexico, suka kuma wallafa bayaninta a 1957.

A zana ta a allo a matsayin bututu biyu da aka haɗa baki da baki. Na farko mai faɗi ne, an cika shi da haidurojin ko hiliyam, a gindinsa akwai fistin na roba mai tauri, a bayan fistin kuma albarushi. A nan albarushi ba ya taɓa abin da za a harba, aikinsa tura fistin ne kawai. Fistin ɗin yana ruga wa iskar, yana matse ta zuwa wani sashe mai tsukewa kamar mazurari, inda wani siririn faifan ƙarfe ya toshe hanya. Idan matsi ya kai adadin da aka tsara sai faifan ya fashe, iskar mai zafi ta kwarara cikin bututu na biyu, siriri, wanda aka zuƙe iskarsa, ta tura ƙwallon. Ƙwallon yana zaune ne cikin wata riga ta roba da take toshe bututun tana kuma kare shi, rigar tana rabuwa da shi bayan fita, a tare gutsattsarinta da faranti domin ƙwallon ya isa wurin gwaji shi kaɗai. Fistin ɗin kan cushe a mazurarin ya lalace, faifan ya riga ya fashe, bututun yana buƙatar shara da dubawa, sannan a sake zuƙe iska. Saboda haka harbi kaɗan ake samu a yini, kuma na'urar da tankunanta kan cika dogon zaure. Rabin amsar tambayar makamin yaƙi ke nan. Irin waɗannan na'urori suna cibiyar NASA ta White Sands, da ta Ames a Kalifoniya, da cibiyar Ernst Mach ta Freiburg a Jamus, da Jami'ar Kent a Ingila.

Dalilin rigar robar zai fito fili idan aka lissafa hanzarin da ƙwallon yake sha, a = v² ÷ 2L, inda L yake tsawon bututu. Bututun Kalashnikov milimita 415 ne, abin da yake ba da matsakaicin hanzari da ya ninka jan duniya kusan sau 63,000. Idan aka ƙaddara bututu na biyu na na'urar gwaji mita 5 ne, kaiwa kilomita 7 cikin sakan yana buƙatar ninkin jan duniya kusan sau 500,000, kuma mafi tsananinsa ya fi haka. Babban aikin injiniyoyin shi ne ƙwallon ya fito lafiya bai farfashe a cikin bututu ba.

Iskar waje

Ragowar amsar tana cikin iskar da muke shaƙa. Matsin da iska take yi wa goshin abu mai gudu ana ƙiyasta shi da ½ρv², inda ρ take kilogiram 1.2 a kowane mita kubik. Ga harsashin mita 715 matsin ya ninka na iskar duniya kusan sau 3, ga ƙwallon kilomita 7 kuwa kusan sau 290. Idan aka yi lissafin ja da baya na iska a kan ƙwallon giram 1.4, za a ga cewa cikin kusan mita 25 ya zubar da rabin gudunsa, ban da zafin da zai riƙa narkar da fatarsa a hanya. Harsashin bindiga, da nauyinsa da tsininsa da juyin da layukan bututu suke ba shi, an ƙera shi ne domin ya ratsa ɗaruruwan mita na iska, ƙwallon gwaji kuwa tafiyarsa 'yan mitoci ce a cikin tankin da babu iska.

Yadda ake auna gudun

Tun a 1742 Benjamin Robins ya bayyana hanyar auna gudun harsashi da lilo mai nauyi, inda ake duba tsawon da lilon ya tashi bayan an harbe shi, kuma ƙa'idar adana ƙarfin tunkuɗa da ya yi amfani da ita tana cikin manhajarmu. A ɗakunan gwaji na yau ana kafa labulen hasken leza biyu ko fiye a tazarar da aka sani, agogon lantarki ya auna lokacin da ƙwallon ya yanke na farko da na biyu. A gudun kilomita 7, mita ɗaya yana ɗaukar kashi 143 cikin miliyan na sakan. Ɗalibai za su ce wayar hannu tana ɗaukar hoto a hankali, to a sa su gwada da lissafi: waya mai ɗaukar hoto 240 cikin sakan tana barin tazarar kashi 4.2 cikin dubu na sakan tsakanin hoto da hoto, a cikinta harsashin Kalashnikov ya ci mita 3, ƙwallon gwaji ya ci mita 29. Sai kyamara mai ɗaukar hoto miliyan ɗaya cikin sakan ce za ta kama shi yana matsawa milimita 7 kacal, kuma idan ƙura da walƙiyar karo sun rufe wurin, akan haska shi da hoton ƙashi mai ƙyaftawa.

Abin da ke faruwa a wurin karo

Harsashin bindiga yana huda ne: yana iya lanƙwashewa ko ya baje, amma ƙarfin ƙarfensa da na abin da ya doka su ne suke yanke hukunci. A matsanancin gudu al'amarin ya sauya. Idan alminiyam ya doki alminiyam a kilomita 7 cikin sakan, matsin da ke tasowa a wurin yana kusantar gigafaskal 100, kusan ninkin matsin iskar duniya sau miliyan ɗaya, alhali alminiyam mai kyau yana fara lanƙwasa ne a wajen gigafaskal 0.3. Matsin ya fi ƙarfin ƙarfen sau ɗaruruwa, saboda haka a wannan ɗan lokaci ƙarfen yana kwarara kamar ruwa, wani sashe ya narke, ƙwallon ya ɓace, a bar rami mai siffar ƙwarya da ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba.

Daga wannan ne Fred Whipple ya kawo shawarar garkuwarsa a 1947, wadda har yau take kare tashar sararin samaniya: siririn faranti a waje, sai tazara, sai ainihin bangon kumbo. Farantin ba ya tsayar da komai, yana sa abin da ya zo ya tarwatse ne, gutsattsarin su bazu cikin tazarar, su isa bango a warwatse. A jaddada wa ɗalibai cewa wannan garkuwa ta fi rauni a gaban abu mai gudun kilomita 2 ko 3, domin shi ba ya tarwatsewa sosai, yana ratsa farantin a dunƙule. Ga wanda ya saba tunanin bindiga abin yana da wuyar karɓa, kuma shi ya sa nake ɗaukarsa misali mafi amfani a darasin gaba ɗaya.

Buƙatar waɗannan gwaje-gwaje ba ta ƙage ba ce. A 1983 ɓarɓashin fenti ya yi wa tagar kumbon Challenger rami har sai da aka sauya ta. A ranar 10 ga Fabrairu 2009 taurarin ɗan'adam Iridium 33 da Kosmos 2251 suka yi karo da gudun kusan kilomita 11.7 cikin sakan, suka bar dubban gutsattsari. A watan Agusta 2016 wani abu da bai wuce 'yan milimita ba ya doki farantin hasken rana na tauraron Sentinel-1A na Turai, ya bar tabo mai faɗin kusan santimita 40. A ranar 26 ga Satumba 2022 kuma kumbon DART ya doki dutsen sararin samaniya Dimorphos da gangan a kusan kilomita 6 cikin sakan, ya rage lokacin da yake ɗauka wajen kewaya babban dutsen da yake zagayawa da fiye da rabin awa.

Sai dai a lura cewa matsakaicin gudun karo a kewayen duniya na kusa ya kai wajen kilomita 10 cikin sakan, duwatsun da ke faɗowa daga sarari kuma suna zuwa tsakanin 11 da 72, duka sama da abin da na'urar iska mai sauƙi take iyawa. Nan ne na'urar Z take shigowa, wadda take sakin wutar lantarki ta miliyoyin amfiya cikin ƙyaftawa domin ƙarfin maganaɗisu ya wurga farantin, da kuma na'urorin hanzarta ƙura irin ta Jami'ar Colorado da ke Boulder, masu kai ƙwayar ƙura fiye da kilomita 100 cikin sakan. A nan ma a tambayi nauyi. Ko da an ƙaddara ƙwayar ƙarfe mai faɗin kashi ɗaya cikin dubu na milimita ta kai wannan gudu, makamashinta kusan kashi 20 cikin miliyan na jul ne, wato harsashin Kalashnikov ya ninka ta sau miliyan 100.

Gwajin yashi

Kafin a ɗauko kwano akwai maganar da dole malami ya faɗa a fili. Darasin nan na lissafi ne, kuma babu wani sashe nasa da ake gwadawa da albarushi, ko bututu, ko iska mai kamawa da wuta. Kada a yarda ɗalibi ya kawo harsashi ko kwansonsa aji da sunan misali. A yankinmu, musamman Arewa Mai Nisa da kewayen Tafkin Chadi, yara kan tsinci irin waɗannan abubuwa a daji, kuma abin da za a koya musu shi ne kada su taɓa, su sanar da manya domin a kira hukuma. Hotuna da lambobi sun wadatar.

A samo faffaɗan kwano ko roba mai zurfin akalla santimita 10, a cika shi da busasshen yashi da aka tankaɗe. Yashin mayo, wato rafin da ke ƙafewa, a lokacin rani ya dace ƙwarai, muddin an cire tsakuwa. A barbaɗa siririn toka ko garin alli a samansa domin bakin ramin ya fito. Abin jefawa shi ne ƙwallon ƙarfe irin na boris da ake samu wajen masu gyaran babur, a riƙe guda ɗaya ana maimaitawa da shi. A kafa sandar awo a jikin bango, a saki ƙwallon ba tare da an ingiza shi ba daga santimita 12.5, da 50, da mita 2. Gudunsa a ƙasa √(2gh) ne, wato kusan mita 1.6, da 3.1, da 6.3 cikin sakan, makamashinsa kuma mgh, saboda haka kowane mataki ya ninka na bayansa sau huɗu. A cire ƙwallon da maganaɗisu domin kada yatsa ya ɓata ramin, a auna faɗinsa daga tudun baki zuwa tudun baki ta fuska biyu, a maimaita kowane tsawo sau biyar a ɗauki matsakaici. Bayan kowace jefawa a motsa yashin a share samansa da rula, in ba haka ba zai daddage ya rage faɗin ramukan da ke biye.

Kafin awo a sa kowane ɗalibi ya rubuta hasashensa. Yawancinsu za su ce ninka makamashi sau huɗu zai ninka rami sau huɗu. Abin da za a gani shi ne faɗin yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari ne kawai, kuma sai an ninka makamashi sau 16, daga tsawo na farko zuwa na ƙarshe, kafin faɗin ya kusan ninkuwa sau biyu. A busasshen yashi faɗin rami yana bin tushe na huɗu na makamashi, domin aikin da ake yi shi ne ɗaga yashin da girmansa yake bin faɗi × faɗi × faɗi zuwa tsawon da shi ma yake bin faɗin. Ramin tsawo na farko yakan ɗan kauce wa ƙa'idar saboda bai fi ƙwallon girma sosai ba, kuma tattauna dalilin kaucewar ya fi ɓoye ta amfani.

Daga nan a jefa ƙwallon a karkace, da hannu, a hankali, kowa yana bayan mai jefawa. Ramin zai fito a miƙe, yana nuna inda ƙwallon ya fito, ƙwallon kuma yana nan lafiya a cikin yashi. Wannan shi ne iyakar gwajin, kuma dole a faɗa wa ɗalibai: yashinmu yana koyar da dangantakar makamashi da faɗin rami, amma ba ya nuna matsanancin gudu. A na'urar Ames, wadda ake iya karkata bututunta zuwa kusurwoyi daban-daban, Donald Gault da John Wedekind sun nuna a 1978 cewa a matsanancin gudu ramin yana zama zagayayye ko da abin ya zo a karkace, sai in kusurwar ta yi ƙasa sosai, wajen digiri 15 ko ƙasa da haka, domin makamashin yana fita ne kamar fashewa daga wuri ɗaya. Malamin da yake da intanet sai ya buɗe wa ajin hoton tauraron ɗan'adam na arewacin Chadi, ya nemo ramin Aorounga mai faɗin kusan kilomita 12.6 da na Gweni-Fada a yankin Ennedi mai kusan kilomita 14, waɗanda duka biyu masana suka tabbatar faɗowar dutse daga sarari ce ta haƙa su, ya sa ɗalibai su auna faɗinsu ta fuska biyu kamar yadda suka yi a kwano, su rubuta sakamakon a gefen na jifar karkace.